Bugu Ɗaya Ba Ya Zama Kari: Magana A Kan Awon Lafiyar Mutanen Akokan

Malaman tibbu na dā, waɗanda ba su da injin ɗaukar hoton ƙirji, ba su kuma da ɗakin gwajin jini, sun dogara ne ga 'yan yatsun da suke ɗorawa a kan jijiyar wuyan hannun majinyaci, kuma da yake ba su da wani abin dogara da ya fi wannan, sai suka zurfafa nazari a kansa har suka kai matsayin da likitan yau, da dukan na'urorinsa, ba kasafai yake samun sukunin kai wa gare shi ba. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya kasa bugun jijiya jinsi goma a cikin littafinsa Alƙanun, yana duban girman bugun da ƙarfinsa da saurinsa, da tsawon hutun da ke tsakanin wannan bugu da mai bi masa, da kuma ko yana tafiya bisa tsari ɗaya ko yana saɓawa, har ya tabbatar da cewa a cikin bugun jijiya akwai ɗabi'a irin ta kiɗa. Abin lura a cikin wannan ilmi duka shi ne, ba a taɓa samun tabibi mai hankali da ya yanke hukunci a kan bugu guda ba. Sai ya ƙirga, ya jira, ya auna da safe, ya komo da yamma, ya gwada na yau da na jiya, sa'an nan ya buɗe baki.

Ɗaliban da ke koyon Ingilishi ko Faransanci sukan ruɗe idan suka tarar da cewa Turawa suna da kalma daban ga duka guda, da wata ga tsarin da dukan ke bi idan ya maimaitu, da wata ga saurinsa ko nawarsa, kuma suna aron kalmomin nan daga bakin makaɗa su kai su asibiti, su kai su ɗakin injuna. Alhali kuwa ba wani baƙon abu a nan, domin mu ma mun san bambancin bugu da kari. Duk wanda ya tsaya kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya ga yadda taɓarya take sauka a gurbin da 'yar'uwarta ta bari, ba karo, ba jinkiri, har wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba tare da lissafin ya ɓace ba. Saukar taɓarya ɗaya bugu ne, amma abin da ke sa mai wucewa ya gyaɗa kai shi ne kari. A ƙasar Abzin kuwa turmin nan shi ne ake rufe wa baki da fatar akuya, a ɗaure ta da taɓare biyu, a riƙa yayyafa mata ruwa, ya zama tende, raƙuma su kewaye mata masu waƙa suna jefa ƙafa daidai da kiɗan. Ana ma ba da labari cewa Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, wanda ya fitar da ilmin aruli ya tsara baharori goma sha biyar na waƙar Larabci, a kasuwar maƙeran tagulla ya fara jin ma'aunin a cikin saukar guduma. Kuma da waɗannan ma'aunai ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zo har Agadas neman ilmi wurin Malam Jibrila ɗan Umaru, da 'yarsa Nana Asma'u, da malaman da suka biyo bayansu, suka auna waƙoƙinsu.

Na kawo wannan shimfiɗa ne domin in yi magana a kan Akokan, garin da ke 'yan kilomita kaɗan daga Arlit a jihar Agadas, inda nake ganin an daɗe ana ba mutane bugu ɗai-ɗai, alhali abin da lalurarsu ke nema shi ne kari.

Akokan gari ne da rami ya haifa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara nasa aikin a 1978 a ramin Akouta, wanda zurfinsa ya kai kimanin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, kuma saboda ma'aikatan wannan rami ne aka gina Akokan a tsakiyar hamada, da gidajensa da asibitinsa da makarantunsa. Hausawan Tawa da Maraɗi da Damagaram, da Zabarmawa, da Abzinawan da fari ya raba da dabbobinsu, duk suka taru a can, waɗanda kamfani ya ɗauka suka shiga gidajen kamfani masu ruwa da lantarki, waɗanda bai ɗauka ba suka kafa bukkoki a gefe suna jiran abin da zai faɗo. Shekara 43 garin yana tafiya bisa lokacin rami: motoci su kwashi masu aikin safe su sauke masu aikin dare, albashi ya fito a ƙarshen wata kasuwa ta cika, mahauci ya san ranar da zai ƙara yanka, mai shago ya san ranar da zai buɗe littafin bashi. A cikin waɗannan shekaru an fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom daga ƙarƙashin ƙasar nan, aka bi da shi ta hanyar Tawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya je ya haskaka biranen wasu. Ranar 31 ga Maris 2021 aka tsayar da aikin, bisa hujjar cewa ma'adinin ya ƙare kuma farashi ya faɗi, sai ma'aikatan kamfani kimanin 600, da wasu ɗaruruwa na 'yan kwangila, suka wayi gari ba inda za su. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma lalle mutanen Akokan sun sake rawa gwargwadon iyawarsu: wasu sun koma garuruwansu, wasu sun nufi wuraren haƙar zinariya a cikin hamada, wasu sun zauna domin nan aka binne iyayensu, nan kuma aka yanke wa 'ya'yansu cibiya.

Amma akwai abin da bai tsaya ba ranar da aka kashe injuna. A bayan gari akwai tsibin ragowar ƙasar da aka niƙa aka tace, kimanin tan miliyan 20, wanda ya mamaye wajen hekta 120, tsayinsa kuma ya kai mita 35, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa cire yuraniyom daga dutse ba ya raba dutsen da mafi yawan tururinsa, domin sauran sinadaran da yuraniyom ke haifa suna nan a cikin ragowar. Daga cikinsu akwai radiyom, wanda sai bayan shekara 1,600 rabinsa yake gushewa, da wani nau'in toriyom wanda nasa wa'adin ya kai kimanin shekara 75,000, kuma daga radiyom ɗin ne iskar radon ke fita, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, wadda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a matsayi na biyu bayan taba a cikin sabuban ciwon dajin huhu. An tsara a rufe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, cikin aikin gyara na kimanin shekara goma da aka kiyasta zai ci sefa biliyan 95, kuma wannan aiki ne mai kyau da ya wajaba a kammala shi. Sai dai duk mai hankali, idan ya ɗora shekara goma a tafin mizani ɗaya, ya ɗora dubban shekaru a ɗayan, ya san cewa rufi yana bukatar mai duba shi bayan iska da ambaliya da tsagewar ƙasa, tsara bayan tsara.

Na'urar da ake auna wannan tururi da ita, wadda Geiger da Müller suka kammala a Jamus a 1928, ita ma bugawa take yi, amma bugunta ba shi da tsari ko kaɗan. Ka kunna ta a wuri mai lafiya, sai ka ji tak, ta yi shiru, ta yi tak-tak a jere, ta sake yin shiru mai tsawo, domin ba mahalukin da ya san lokacin da ƙwayar zarra ɗaya za ta fashe; in ka matsa da ita kusa da gurɓataccen dutse, sai bugun ya yi ta ƙaruwa har ya haɗe ya zama ƙara guda. Saboda haka mai awo ba ya samun ilmi daga tak ɗaya, sai ya ƙirga na minti, ya ƙirga na awa, kuma game da iskar radon a cikin ɗaki, wadda ke hawa da dare idan an rufe ƙofa ta sauka da rana, ta kuma bambanta tsakanin sanyi da bazara, sai an ajiye abin awo watanni kafin a sami adadin da za a dogara da shi. Ashe ƙa'idar Ibn Sina tana nan daram a cikin ilmin zamani.

To, mu dubi irin awon da jama'ar gari suka samu labarinsa. A Disamba 2003 masu binciken CRIIRAD na Faransa suka zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man, wadda Almustafa Alhasan, ma'aikacin SOMAIR, yake shugabanta. Aka riƙe musu manyan kayan aikinsu a filin jirgin Yamai, amma duk da haka suka tabbatar da cewa ana sayar da gurɓatattun ƙarafan kamfani a kasuwa, waɗanda maƙera ke sarrafawa, jama'a kuma ke yin rufin ɗaki da kayan gida da su. A 2007 aka sami gurɓatattun duwatsu a kan titi gaban asibitin Akokan. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo, ta ba da rahoto cewa a wani wuri a titunan Akokan tururin ya ninka na al'ada har kusan sau 500, kuma a cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin Arlit, huɗu sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a lokacin. Kamfanin Areva na Faransa, mai babban hannu a SOMAIR da COMINAK, wanda ya koma Orano a 2018, ya bi tituna ya kwashe wuraren da aka nuna, kuma ya daɗe yana cewa yana awon iska da ruwa da ƙasa a kai a kai, cewa kuma abin da ke ƙaruwa a jikin mazaunin gari bai wuce haddin da doka ta yarda ba. Ba nufina in yi alƙalanci tsakanin ɓangarorin nan biyu ba. Abin da ke damuna shi ne, baƙi masu zaman kansu sun zo sun yi kwanaki sun tafi, awonsu bugu ne ɗai-ɗai da shekaru a tsakani. Mai awo na kullum kuwa shi ne wanda ake tuhuma, kuma shari'a ba ta taɓa wadatuwa da shaidar mutum a kan kansa ba, ko da ya kasance mai gaskiya. Tsohuwar da ke tankaɗe a tsakar gida a Akokan, wadda ƙurar tsibin ke sauka a kan garinta idan iska ta juyo, ba ta taɓa jin an karanta mata adadin wannan wata a gwada shi da na watan jiya da harshen da take ji ba.

Haka al'amarin yake, ko ma ya fi tsanani, game da jikin mutane. Ciwon da radon da ƙurar dutse ke haddasawa mai haƙuri ne, yakan kwanta shekara goma, ko ashirin, ko talatin, kafin ya yi motsi. A duwatsun Schneeberg na Jamus, inda aka haƙi azurfa, masani Agricola ya rubuta labarin mutuwar mahaƙa da ciwon ƙirji tun 1556, amma sai a 1879 likitoci biyu, Härting da Hesse, suka nuna cewa daji ne na huhu, wato bayan fiye da shekara ɗari uku ana jana'iza ba a san sunan abin ba. Idan aka san wannan, sai a dubi abin da aka tanadar wa ma'aikatan COMINAK lokacin sallama: kuɗin sallama, da ɗaukar nauyin maganinsu na shekara biyar, wato har zuwa 2026, 'yan kwangila kuwa, waɗanda suka shaƙi iska ɗaya da su a cikin rami ɗaya, ba su sami irin wannan ba. Gaskiya ne a ƙarshen 2011 an kafa wata hukumar sa ido a kan lafiya ta jihar Agadas, OSRA, domin duba tsofaffin ma'aikata, kuma wannan mataki ne da ya cancanci yabo. Amma ƙungiyar Sherpa, wadda da ita aka ƙulla yarjejeniyar kafa hukumar tun farko, ta janye a 2012 tana cewa aikin bai kai abin da aka yi alkawari ba. Mutumin da ya shiga rami yana ɗan shekara ashirin da biyar a 2005, yau bai kai hamsin ba, kuma shekarun da ya fi bukatar a duba ƙirjinsa suna gaba.

Na san za a ce ajali ba ya jira, kuma ciwo da lafiya duk na Allah ne. Haƙiƙa haka ne, kuma ba mumini da zai yi jayayya da wannan. Amma malaman usulu sun lissafa kiyaye rai a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya, kuma ba wani malami abin dogara da ya taɓa fassara tawakkali da barin sababi. Za a kuma ce ai wannan nauyi ne na Faransawa, su suka ci riba, su ya kamata su biya. Ni ma ina ganin wanda ya ci moriyar rami shi ne farkon wanda hakkin ya hau kansa, sai dai a tuna cewa gwamnatin Nijar, ta hannun kamfaninta SOPAMIN, tana da kashi 31 cikin ɗari na COMINAK, wanda kafin 2021 Faransawa ke da kashi 34 nasa, Japanawa 25, mutanen Sifen 10, kuma tun da hukumomin Yamai suka karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga hannun Orano a Yuni 2024, suka kuma ba da sanarwar mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yuni 2025, to wanda ya ce arzikin ƙasa nasa ne ya karɓi amanar mutanen da suka fitar da arzikin tare da shi. Ana iya shekaru ana shari'a a kotunan duniya a kan wanda zai biya. Huhun tsohon mahaƙi ba ya jiran ranar yanke hukunci.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hali, kuma akwai darasi a cikin nasararsu da kuskurensu. Jamusawa, bayan rufe ramukan yuraniyom na Wismut a ƙarshen 1990, sun kashe biliyoyin yuro wajen gyaran ƙasa, kuma a 1992 suka buɗe ofishi na musamman wanda aikinsa shi ne bin tsofaffin mahaƙa da kira zuwa gwaji, har masana suka iya bin tarihin lafiyar mutum kusan 59,000 shekara da shekaru, daga nan kuma duniya ta sami ilmi mai yawa game da radon. Amurkawa kuwa sun yi doka a 1990 ta biyan dala 100,000 ga mahaƙin yuraniyom da ya kamu, amma da yawa daga cikin 'yan ƙabilar Navajo da zawarawansu suka sha wahala wajen karɓa, saboda ba su da takardar shaidar aiki, wasu ma ba su da takardar aure irin wadda hukuma ke nema. Wannan na biyun shi ne abin da nake jin tsoro ya faru a gare mu, mu da aurenmu a ƙofar gida ake ɗaura shi da goro da shaidu, mu da ɗan kwangila yakan yi shekara goma yana aiki ba shi da ko guntun takarda.

Saboda haka abin da nake kira a yi, tun sauran shaidu suna raye, shi ne a buɗe daftari guda na dukan wanda ya taɓa aiki a ramin Akouta ko a masana'antarsa, ma'aikacin kamfani ne ko ɗan kwangila ko mai wanke kayan aiki, a rubuta shekarun da ya yi da sashen da ya zauna, inda takarda ta ɓace kuwa a karɓi shaidar abokan aiki biyu adilai, kamar yadda alƙalanmu suka saba. A ba kowane mutum kwafin tarihin lafiyarsa a hannunsa, domin mutanenmu sun iya adana takarda, sukan naɗe ta a leda su sa a ƙasan akwati tare da takardar gona, kuma abin da ke hannun mai shi ba ya ɓacewa idan kamfani ya sake suna ko gwamnati ta sake hannu. A sanya lokaci tabbatacce na hoton ƙirji da gwajin jini da na ƙoda, tun da yuraniyom yakan taɓa ƙoda, kuma lokacin ya zama sananne kamar ranar kasuwa, ba sai an jira wata ƙungiya ta zo daga waje ba. Ba na cewa ƙirga bugun jijiya zai gano daji. Amma ma'aikacin jinya da ke ganin mutum ɗaya duk bayan 'yan watanni, yana rubuta nauyinsa da numfashinsa da bugun zuciyarsa, wanda ga baligi mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti, shi ne zai fara lura cewa Baba wane ya rame, tarinsa ya ƙi jin magani, hawa ɗan tudu ya fara gagararsa, ya tura shi gaba tun da sauran dama.

Game da iska da ruwa kuwa, ya kamata awon ya koma hannun wata hukuma wadda ba ta sayar da yuraniyom, a haɗa da malaman Jami'ar Agadas da ta Abdou Moumouni ta Yamai da wakilan unguwanni, a horar da samarin garin su riƙa karanta na'urorin da kansu, a kuma riƙa faɗin sakamakon kowane wata a gidan rediyo da Hausa da Tamashek, rijiya rijiya, unguwa unguwa, tare da na watan da ya gabata domin mai sauraro ya gwada. Mafi wuyar aikin shi ne nemo waɗanda suka watse, domin yawancin tsofaffin mahaƙa ba sa Akokan yanzu, suna Tawa da Maraɗi da Dosso da Damagaram da ƙauyukan da ke kewaye da su, inda likitan da zai duba su bai san sun taɓa shiga rami ba sai an gaya masa. Ƙungiyoyin ƙwadago suna da sunayen membobinsu, asusun fansho na ƙasa yana da adireshin masu karɓa, masu unguwanni da limamai kuwa sun san wanda ya dawo daga Arlit da shekarar da ya dawo. In ma'aikatar lafiya ta haɗa waɗannan hanyoyi uku, ta aika wa kowane babban asibitin jiha da jerin nasa mutanen, za a iya fara kiran na farko zuwa gwaji kafin shekara ta zagayo.